Kundin aiki: haɗa alƙalamin haske don Commodore 64

6 ga Janairu 2025

Manufar aikin ita ce a haɗa alƙalamin da za a ɗora a fuskar allo, kwamfuta ta faɗi inda bakinsa yake, kuskuren kuma kada ya wuce ɗigo biyu ko uku. Injin da muke aiki da shi Commodore 64 ne na tsarin PAL, wato tsarin hoton talabijin na Turai, mai aisin hoto, wato ɗan guntun lantarkin da ke zana hoto, lamba 6569, sai monita 1084S, irin tsohon allon nan mai ƙeya da ake kira CRT.

Alƙalamin haske ba ya fitar da haske, ba ya kuma ganin hoto. A allon CRT ɗigon wuta guda ɗaya ne ke gudu daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama har ƙasa, ido ne ke haɗa su ya ga cikakken hoto. Aikin alƙalamin shi ne ya jira ɗigon ya gifta gabansa, nan take ya aika sigina. Aisin hoton, wanda dama shi ke ƙirga layin da ake ciki da nisan da aka yi a cikinsa, sai ya kama lambobin biyu ya ajiye. Ke nan lokaci ake aunawa, daga baya a mayar da shi wuri, kuma kusan duk matsalar da za a fuskanta ta jinkiri ce.

Ga alƙaluman da za mu riƙa komawa gare su. 6569 na zana layi 312 a kowane zagaye, wato cikakken hoto ɗaya, zagaye kusan 50 a daƙiƙa. Layi ɗaya na cin maikurosakan 64, wato kashi 64 cikin miliyan na daƙiƙa, ɗigo ɗaya kuma nanosakan 127. Lambar tsaye tana shiga adireshi, wato gurbin ajiyar kwamfuta, 53268, ta kwance 53267. Ta kwancen rabi ake ajiyewa don ta shiga cikin bayit ɗaya, wanda ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255, saboda haka kowane taki nata ɗigo biyu ne, nanosakan 254. Jinkirin maikurosakan ɗaya tak yana tura alƙalami ɗigo takwas zuwa dama.

Dabarar ta girmi wannan injin da shekara talatin. A kwamfutar Whirlwind ta jami'ar MIT a Amurka aka fara ta a farkon shekarun 1950, inda Robert Everett ya ƙera wata bindigar haske da ake nuna ɗigo da ita a allo, daga nan ta shiga tsarin tsaron sararin sama na SAGE. A 1963 Ivan Sutherland ya yi zane da alƙalamin haske a kwamfutar TX-2 da manhajarsa Sketchpad. Allunan wancan zamani zane suke bi, ba layi-layi ba, don haka siginar na gaya wa kwamfuta wane abu take zanawa a daidai lokacin. Namu lambobin wuri kawai yake bayarwa.

11 ga Janairu

Soket na ɗaya na sandar wasa kaɗai ke karɓar alƙalami. Ƙafa ta 6 sigina, ta 7 bolt 5, ta 8 layin ƙasa. Iyakar abin da aka yarda a ja daga ƙafa ta 7 miliyam 50 ne, da'irarmu, wato haɗin kayan lantarkin alƙalamin, ba za ta kai 10 ba. Aisin na kama lamba ne idan layin ya faɗo daga bolt 5 zuwa sifili, kuma sau ɗaya kawai a zagaye. Duk siginar da ta biyo bayan ta farko ba ya kula ta sai sabon zagaye ya fara.

Fulogin ya zama na roba. Ƙafa ta 7 da ta 8 maƙwabta ne, fulogi mai bakin ƙarfe na iya haɗa su idan aka cusa shi a karkace. Ba a sa shi ko cire shi injin na kunne. Monita kuwa ba abin da zai sa a buɗe ta a wannan aikin, cikinta akwai sama da bolt 20,000.

Zaɓen idon alƙalami. Rasisto mai jin haske, wanda ake sa wa fitilun da ke kunna kansu da dare, an cire shi daga lissafi tun kan takarda: yana ɗaukar milisakan gommai kafin ya amsa, zagaye guda kuma milisakan 20 ne. An gwada taransisto mai jin haske da rasisto 10k kai tsaye a allon gwaji, da wannan layin na BASIC, harshen manhajar da injin ke zuwa da shi:

10 PRINT PEEK(53267),PEEK(53268):GOTO 10

Lambar tsaye ta bi hannu lafiya. Ta kwance kuwa tana yawo, kuma da an taɓa maɓallin hasken monita sai ta matsa da taki goma ko fiye. Dalili: siginar irin wannan taransisto na ɗaukar maikurosakan biyar zuwa goma sha biyar kafin ta kai ƙololuwa. Idan haske ya yi ƙarfi tana tsallake mizani, wato iyakar da sai an haye ta ake ɗaukar sigina, da wuri, idan ya yi rauni sai ta makara. Jinkirin da ba ya canzawa ana cire shi da lissafi cikin manhaja. Wanda ke canzawa da haske ba shi da magani sai a sauya kayan.

An tsaya kan SFH213, dayod mai jin haske, faɗinsa milimita 5, jikinsa garau, yana gani ta kusurwa ƙarama, kamar digiri 10 kowane gefe, yana kuma amsawa cikin nanosakan ƙalilan. A kula da lambar: mai FA a ƙarshe baƙin jiki gare shi, yana tace hasken da ido ke gani, ba zai yi a nan ba. BPW34 ma zai yi aiki, sai dai fasalinsa murabba'i ne, zama cikin bututu zai yi masa wuya.

19 ga Janairu

Da'irar farko, daga ido zuwa waya:

Bolt 5 na shigowa ta rasisto om 100, a bayansa kafasito 10µF da 100nF zuwa ƙasa, don tace hayaniyar da ke kan layin wutar injin. Dayod ɗin an juya shi baibai, gajeriyar ƙafarsa a bolt 5, doguwar ta bi rasisto 10k zuwa ƙasa. Daga mahaɗarsu kafasito 1nF ya kai sigina ƙafar tsakiya ta taransisto BC547B. Kolektansa na da 4.7k zuwa bolt 5, da 470k daga kolekta ya dawo ƙafar tsakiya, emita a ƙasa. A huce kolekta ya nuna kusan bolt 1.7 a mita.

Amfanin 1nF ɗin nan shi ne ya hana hasken ɗaki wucewa. Shi da 10k suna barin abin da ya fi sau 15,000 a daƙiƙa, ƙiftawar fitilar da ke kan wutar gida kuwa sau 100 ce, tana raguwa ninki ɗari da wani abu.

Mai yanke hukunci, wato aisin da ke kwatanta sigina da mizani, LM311 ne. An fi son shi da LM393, duk da wancan ya fi sauƙin samu, saboda LM311 na amsawa cikin nanosakan 200, LM393 kuwa maikurosakan 1.3, wato ɗigo goma. Dukansu suna jan layi ƙasa ne kawai, ba sa tura shi sama, kuma wannan wajibi ne: layin ƙafa ta 6 tarayya ake yi da kibod, duk abin da ya tura shi sama da ƙarfi zai yi karo da aisin 6526, mai karanta kibod da soket, idan an danna wani maɓalli. Sigina daga kolekta ta bi 10nF zuwa ƙafa ta 2 ta LM311. Mizani a ƙafa ta 3, daga jerin 10k, rasisto mai juyawa om 500, da wani 10k. Ƙafa ta 2 na samun matsayinta daga saman mai juyawar ta rasisto 10k, don haka ana iya sauke mizanin daga sifili zuwa milibolt 120 ƙasa da matsayin hutu. Ƙafa ta 1 da ta 4 a ƙasa, ta 8 a wuta, ta 7 ce mafita. Ta 5 da ta 6 an haɗe su da dalma, in aka bar su a sake aisin kan kama rawa da kansa.

25 ga Janairu

Osiloskof, na'urar da ke zana siffar sigina, ya nuna siginar kolekta na ɗaukar sama da maikurosakan ɗaya kafin ta sauka, alhali dayod ɗin ya fi haka sauri nesa ba kusa ba. Laifin na 470k ne. Tsakanin kolekta da ƙafar tsakiya akwai ɗan kafasito na cikin taransisto, kusan 3pF, kuma yana zaune ne a gefen wannan rasiston. 470k sau 3pF ya ba da maikurosakan 1.4. An sauya zuwa 100k, lissafin ya koma 0.3. Girman sigina ya ragu, kolekta ya sauko kusa da bolt ɗaya, amma a kan farin allo ana samun abin da ya isa ya tsallake mizanin milibolt 40 da rara.

Wannan lissafin ne kuma ya yanke batun inda da'irar za ta zauna. Waya mai raga na da kusan 100pF a kowace mita. In aka bar dayod shi kaɗai a alƙalami, aka kai sauran kayan ƙarshen waya, 'yar ƙaramar wutar da yake fitarwa sai ta cika wannan kafasiton tukuna. Don haka komai zai shiga cikin alƙalamin, waya ta ɗauki sigina da aka gama. Saukar layin LM311 ne ke janta da ƙarfi, tana da kaifi ko da waya mita ɗaya da rabi ce. Hawansa na tafiya a hankali, amma ba wanda ke duban hawan.

An ƙara rasisto 1M daga ƙafa ta 7 zuwa ta 2 na LM311 don ya daina kai-kawo a bakin mizani.

2 ga Fabrairu

An mayar da da'irar kan siririn allo mai huji, faɗi milimita 11, aka zura cikin bututun maka mai kauri. Matsaloli biyu suka bayyana, kowace da alamarta.

Ta farko: ko an rufe bakin da baƙin tef, da an kusanto monita sai lambobi su fara shigowa, ta kwance kusan ba ta canzawa, ta tsaye kuma tana can saman allo. Wannan ba haske ba ne. Na'urar da ke mayar da ɗigon wuta hagu a ƙarshen kowane layi na yin bugu mai ƙarfi sau 15,600 da ɗoriya a daƙiƙa, da'irar kuma tana shaƙarsa ta iska. An naɗe allon da'irar da tef, aka ɗora takardar jan ƙarfe a kai, aka liƙa ta da dalma a layin ƙasa. Takardar ta tsaya milimita biyar kafin baki, kada ƙarfe ya taɓa gilashi. A wannan lokaci na hunturu, da iska ta bushe, cajin da ke taruwa a fuskar CRT yakan yi tartsatsi har a ji ƙararsa, kuma aisin 6526 da ke bayan soket ɗin sananne ne wajen mutuwa da irin wannan. Ana goge fuskar monita da ɗanyen tsumma kafin a fara, bakin alƙalami kuma roba zalla.

Ta biyu: lambobi na shigowa barkatai idan ƙwan fitila mai tattalin wuta na kunne a saman tebur. Irin waɗannan ƙwayayen na ƙiftawa sau dubu gommai a daƙiƙa, tacewar 1nF ba ta tare su. Jikin makar fari ne, haske na ratsa shi. An shafe cikinsa da baƙin fenti, an sa wa dayod riga ta baƙar robar da ke tsukewa da zafi.

3 ga Fabrairu

Launuka, da hasken monita a tsakiya. Fari da ruwan toka mai haske da rawaya: kullum ana kamawa. Shuɗin da injin ke tashi da shi: wani zagaye a kama, wani a rasa. Ja: kusan babu. Baƙi: babu, kuma ba za a taɓa samu ba.

Jan ne ke ba mutane mamaki, tunda dayod na silikon ya fi jin ja da shuɗi. Abin yana ga fosfo, garin da ke haskawa a bayan gilashi. Na shuɗi da kore na walƙawa su mutu da sauri, na ja kuwa yana sakin haskensa a hankali har kusan milisakan guda, don haka ba shi da kaifin da kafasito 1nF zai bari ya wuce. Dalilin nan ne ya sa alƙalami bai dace da koren monitar IBM 5151 ba, mai fosfo mai daɗewa, alhali katin CGA na kamfanin yana da mazaunin alƙalami. Allon LCD da talabijin masu ajiye hoto su sake zana shi sau 100 a daƙiƙa ba sa cikin magana: lokacin da suke haskawa ba shi da alaƙa da ƙirgen aisin.

15 ga Fabrairu

Rawar lamba. Da alƙalami a daskare cikin maƙala, ta kwance na tsalle taki biyu zuwa uku, kuma in aka jera lambobin sai a ga tsallen na tafiya tare da na tsaye: duk zagayen da lambar tsaye ta ƙaru da ɗaya, ta kwance sai ta ragu.

Gilashin gaban CRT na da kauri kusan santimita guda, don haka alƙalami ba ɗigo yake gani ba, da'ira ce mai ɗauke da layuka da yawa. Layin farko da ya isa mizani shi ke cin gasa. Layin da ya ratsa saman da'irar gajere ne, haskensa ba ya isa sai ɗigon wuta ya kai tsakiya. Idan wannan layin ya gaza da kaɗan, na ƙasa da shi ya fi faɗi da ƙarfi, sai a kama shi tun daga gefen hagu. Alƙalami bai motsa ba, amma lamba ta koma hagu ta kuma sauko.

Magani biyu aka haɗa. An mayar da dayod baya milimita 10 cikin baƙin bututu, aka rufe bakin da faifan roba mai huji milimita 1.5. An gwada milimita ɗaya, haske ya yi kaɗan har ruwan toka ya daina kamuwa. Sannan aka juya mizani a hankali ana kallon lambar tsaye, har aka sami wurin da ta tsaya cak a kan layi ɗaya. Rawar ta koma taki ɗaya.

Riƙon ma na da tasiri. In aka karkata alƙalami kamar ana rubutu a takarda, yana kallon fosfon da ke gefe ne, ba wanda ke ƙarƙashin bakinsa ba. Faifan bakin an yi shi da faɗi don ya tilasta wa hannu miƙewa.

1 ga Maris

Saiti. Filin rubutu na farawa a lamba 24 a kwance, ya ƙare a 343, a tsaye kuma daga layi 51 zuwa 250. Da babu jinkiri, gefen hagu zai ba da 12. Namu na ba da 19, taki bakwai, kusan maikurosakan 1.8, wanda ya haɗa jinkirin monita, na fosfo, na taransisto da na LM311. A tsaye ana kamawa layi biyu sama da baki. Manhajar saiti na nuna farar alama a kusurwa biyu, ta ɗauki matsakaicin karatu 32 a kowace, ta ajiye bambancin. Juya maɓallan matsar da hoto ko faɗaɗa shi a monita bai taɓa saitin ba ko kaɗan, tunda lokaci ake aunawa. Sauya monita ko maɓallin haske kuwa yana taɓa shi.

Tarko biyu a cikin lambobin. Ƙirgen kwance na kaiwa 251 ne ya koma sifili, kuma komawar na faruwa a cikin gefen hagu na allo, inda ido ke gani. Matsakaicin 251 da 0 shirme ne, don haka duk karatun da ya haura 200 ana zubar da shi. A tsaye, layi 256 zuwa sama na komawa sifili saboda bayit ɗaya ne, gefen ƙasa sai ya yi kama da na sama. Filin rubutu bai shiga wannan ruɗanin ba.

An bar BASIC. Yana da nauyin da har lambar kwance kan fito daga zagaye ɗaya, ta tsaye daga na gaba. Yanzu ƙaramar manhaja ta harshen inji na karanta su tare a layi 252. Tana fara duba bit na 3 a adireshi 53273 don ta san ko an kama wani abu a wannan zagayen, ta goge shi da rubuta 8. In ba a duba ba, rajistocin, wato adireshi 53267 da 53268, na riƙe da tsohuwar lamba, sai a zaci alƙalami na nan alhali an ɗaga shi. Ana tara karatu huɗu na kwance a raba biyu, abin da ke ba da lamba a ma'aunin ɗigo ɗaya-ɗaya. Kuɗinsa jinkirin milisakan 80, ana jin sa kaɗan in ana jan layi da sauri. Takwas ya fi santsi amma alamar na bin hannu a baya sosai, ba mu ga ya cancanta ba.

Kibod: F1, Z, C, B, M, alamar aya, SHIFT na dama da SPACE duk suna kan layin ƙafa ta 6. Danna ɗayansu na sa aisin ya kama lambar banza, kuma tunda sau ɗaya yake kamawa, ta gaskiyar ta ɓace a wannan zagayen. Ta ɗaya ɓangaren, jefi-jefi harafin Z kan fito ba wanda ya danna, idan binciken kibod ya faɗa daidai lokacin da alƙalami ke jan layin. Maɓallin alƙalami, da aka sa a ƙafa ta 1 ta soket ana karanta shi a bit na 0 na 56321, shi ma yana buga lamba 1. An kashe binciken kibod na injin muddin alƙalami na aiki, ana kiran sa da hannu a layi 260, bayan an karanta rajistocin.

9 ga Maris

Danna maɓallin gefe na girgiza baki ɗigo biyu ko uku. Manhaja yanzu tana riƙe karatu takwas na baya, in an danna ta ɗauki na zagaye biyar da suka wuce.

Saura batun wuri mai duhu, wanda shi ne babba ga manhajar zane, domin duk baƙin layin da aka ja yana makantar da alƙalamin da ya ja shi. Hanya ta farko tana aiki: a sa launin gefe fari a 53280, a kashe bit na 4 na 53265 kafin layi 48, allo duka ya zama fari na zagaye ɗaya, a karanta, a mayar. Ya dace da zaɓen abu sau ɗaya. Ga zane mai ci gaba walƙiyar na gajiyar da ido cikin mintuna kaɗan.

Hanya ta biyu ita ake kai yanzu, kuma dangin wadda Sketchpad ya bi ce da ɗan gicciyensa mai bin alƙalami. Ana sa farin sifirit, ɗaya daga ƙananan hotuna takwas da 6569 ke iya yawo da su, a ƙarƙashin baki. Girmansa ɗigo 24 da layi 21, in an ninka 48 da 42. Kowane zagaye ana mayar da tsakiyarsa inda aka kama. A ninke yana jure motsin ɗigo ashirin da 'yan kai a zagaye kafin alƙalami ya kuɓuce, amma yana rufe abin da ake zanawa. Ƙaramin ba ya rufewa sosai, yana kuma kuɓucewa da an fizgi hannu. Gwajin da ke kan tebur shi ne a yi amfani da ƙaramin, a riƙa tura shi gaba gwargwadon saurin zagaye biyu na baya, in an rasa karatu uku a jere a yi walƙiya ɗaya don a sake gano alƙalami. Tura gaban an rubuta shi, yana wuce gona da iri a inda hannu ya juya kwana. Za a rage shi zuwa rabi a sake aunawa, sannan a duba ko ruwan toka mai haske zai iya maye gurbin fari a sifirit ɗin ba tare da taki bakwai na saiti ya canza ba.